FASHIN BAƘI: Kacala, ciyawar da ke cinye fadamun Haɗeja da Nguru, da hannun da Kano ke da shi a ciki

Daga Wudil zuwa Ringim, daga Ringim zuwa Haɗeja, har a dangana da Nguru a Jihar Yobe, akwai wata doguwar ciyawa da ta zame wa masu cin abinci daga kogi ƙarfen ƙafa. Mutanen yankin suna kiranta kacala, wasu kan rubuta kachala, masana tsirrai kuwa suna kiranta Typha domingensis. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonakin shinkafa, ta rufe mashayar dabbobi, ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi tun yana gona.

Duk daminar da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa, sai an ji sunanta a bakin jami'ai. Daga nan a ware kuɗi, a kai injina bakin kogi, a ɗauki hotuna, bayan shekara ɗaya ko biyu kuma a tarar ta koma inda aka cire ta. Wannan fashin baƙi ya duba tambayoyi huɗu: wace irin ciyawa ce wannan, ina da ina ta kai, wace ɓarna take yi, kuma me ya sa sai an san iyakarta a taswira kafin a iya cewa ana yaƙi da ita.

Wace irin ciyawa ce?

Kacala ba baƙuwa ba ce da aka shigo da ita daga wata nahiya. Ta daɗe a bakin tafkuna da fadamun Afirka, kuma mutanen karkara sun saba yin jinka da ita, su saƙa asabari da tabarma. A da ba ta wuce 'yan gungu a wuraren da ruwa ba ya ƙafewa. Abin da ya sauya shi ne yanayin kogin da take rayuwa a cikinsa.

Tsayinta kan kai mita 2 zuwa 4, wato ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba. Tana fitar da kai mai launin ƙasa-ƙasa mai kama da zangarniyar gero, kuma kai guda yana iya ɗauke da ƙwayoyin iri fiye da dubu 100, kowace da ɗan gashi kamar audugar rimi, wanda iska da ruwa ke kwasa zuwa nesa. Amma ƙarfinta na gaskiya yana ƙarƙashin laka. Tana da saiwa mai kauri da ke tafiya a kwance, tana adana abinci, tana fitar da sabon toho a kowace gaɓa. Shi ya sa idan aka sare ta ko aka banka mata wuta, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba: ganyen ya tafi, saiwar tana nan.

Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san kainuwa da ke rufe fuskar kududdufi. Kainuwa tana yawo ne a saman ruwa, ana iya janye ta da hannu. Kacala kuwa kafe take a ƙasa, kuma ganyenta yana da ƙananan ramuka a ciki waɗanda ke kai iska zuwa ga saiwar da ke nutse a taɓo. Wannan ne ya ba ta damar rayuwa a inda sauran tsirrai ke ruɓewa.

A nan kuma rauninta yake. Abu biyu ne ke kashe ta. Na farko, idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa kuma ruwan ya rufe kututturen na tsawon makonni, saiwar kan rasa iska ta mutu. Na biyu, idan ƙasa ta bushe ƙayau na tsawon watanni. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa rani da damina.

Kogin kafin madatsun ruwa

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa a kusa da birnin Kano su zama Kogin Haɗeja. Daga nan ya ratsa Wudil da Ringim zuwa Haɗeja, inda ƙasa ta shimfiɗe, ruwan ya rarrabu zuwa rassa: Kogin Kafin Hausa, tsohon Kogin Haɗeja, Burum Gana, da Marma wanda ke zuba a Tafkin Nguru. Kogin Jama'are, wanda ke tasowa daga tsaunukan Jos, yana shigowa ta kudu. Haɗuwarsu a wajen Gashuwa ita ke haifar da Komadugu Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar ta yankin Diffa har ya faɗa Tafkin Chadi.

Kafin shekarun 1970, Kogin Haɗeja na damina ne. Yakan cika ya tumbatsa a watannin Agusta da Satumba, ya malala cikin fadamu, sannan ya janye a hankali har gadonsa ya koma rairayi da rani. Rayuwar yankin gaba ɗaya a kan wannan zuwa da komawa aka gina ta. Manomi ya shuka shinkafa ta tashi tare da ruwa. Da ruwan ya janye, ya shuka wake ko wani amfanin a danshin da ya bari. Masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a cikin ambaliyar. Makiyayi ya sauko da shanunsa da rani su ci ciyawar fadama. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa.

Wannan tsari shi ne ke riƙe da kacala. Ƙarfin ruwan damina yana wanke laka da ciyayi daga hanyoyin ruwa, zafin rani kuma yana busar da saiwar da ta rage.

Abin da Tiga da Challawa suka sauya

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai lokacin da fari ya ɗaiɗaita yankin Sahel. An gina ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka kammala ta Challawa a yankin Ƙaraye, mai ɗaukar fiye da kubik mita miliyan 900. Masu nazarin ruwa sun ƙiyasta cewa madatsun biyu suna sarrafa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976 mai hedikwata a Kano, ita ke kula da su.

Ba wanda zai musanta amfanin da aka samu. Ruwan Tiga ne ya mai da Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam cibiyar noman rani ta shinkafa, alkama da tumatir. Daga kogunan nan ne matatun ruwa na Challawa da Tamburawa ke ɗiban ruwan da ake turawa birnin Kano. A can ƙasa kuma akwai aikin noman rani na Kwarin Haɗeja a yankin Auyo.

Sai dai madatsun sun juya wa kogin hali. Sun rage ƙarfin tumbatsar damina, sun kuma sa ruwa yana gudana a hankali duk tsawon rani, domin sai an riƙa sakinsa kafin famfunan matatu da magudanan gonaki su samu. Abin da ba a ɗiba ba, da wanda ya tsiyayo daga gonaki ɗauke da ragowar takin zamani, duk gangarawa yake yi. Wato an cire abubuwa biyun da ke kashe kacala, an ba ta abu ɗayan da take so, an ƙara mata da taki.

Daga nan sai abin ya zama zagaye. Kacala tana rage gudun ruwa, ruwan da ya rage gudu yana ajiye laka, lakar tana rage zurfin kogi, rashin zurfin kuma yana ba kacala sabon wurin kafuwa. Da hanya ta toshe, sai ruwa ya nemi wata.

Binciken da aka yi ta jirgin sama a shekarun baya ya nuna cewa faɗin da ambaliyar damina ke rufewa a dausayin Haɗeja da Nguru ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, amma a wasu shekaru na 1980 da 1990 bai kai 1,000 ba. Fari yana da nasa kason a wannan raguwa, madatsun ma suna da nasu. Abin lura shi ne, ruwan mai zuwa ya tafi, wanda ake noma da shi, ya ragu, ruwan da ke kwanciya ya ƙi tafiya kuma ya ƙaru.

Ina da ina ta kai?

Ana iya kasa yankin da kacala ta kama zuwa kashi huɗu, kuma ɓarnarta a kowanne daban ce.

Kashi na farko shi ne filayen noman rani na Kano. A nan tana cika magudanan da aka haƙa don fitar da rarar ruwa daga gonaki, da tafkunan da ake tara ruwa cikin dare. Idan magudanar fitarwa ta toshe, ruwa ya kwanta a gona, ƙasa ta jiƙe fiye da kima, gishiri da kanwa su taso, amfani ya ragu.

Kashi na biyu shi ne gangar kogin a Jigawa, ta Ringim, Taura, Miga, Auyo da Kafin Hausa zuwa Haɗeja. A nan babbar illarta ita ce ƙuntata hanyar ruwa, ta yadda ko matsakaiciyar tumbatsa kan fasa gaɓa ta shiga gari.

Kashi na uku, wanda ya fi kowanne muni, shi ne Marma da Tafkin Nguru, ta Kirikasamma da Guri zuwa Nguru. Da laka da ciyawa suka toshe tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana, sai mafi yawan ruwan ya karkata zuwa Marma. Filayen da a da ake noma da kiwo a kansu suka koma ƙarƙashin ruwa shekara da shekaru, kacala ta rufe su. Wannan yanki ne Najeriya ta fara sanyawa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, da faɗin hekta 58,100. A 2008 aka ƙara da dausayin Baturiya.

Kashi na huɗu shi ne inda ruwan ya daina isa. Garuruwan da ke kan rassan da suka toshe, da na ƙasa da Gashuwa, suna fama da ƙarancin ruwa a daidai lokacin da maƙwabtansu ke nutsewa. Nazarce-nazarce sun nuna cewa abin da Kogin Haɗeja ke kai wa Komadugu Yobe a yanzu kaɗan ne ƙwarai, kusan duk ruwan na Jama'are ne. Wannan ne ya sa mutanen Yobe da Borno suka daɗe suna adawa da batun kammala madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi: idan aka tare Jama'are kamar yadda aka tare Haɗeja, ba su da sauran madogara.

Ɓarnar da ba a gani a kasafin kuɗi

Asarar gona ita ce ta fili, amma ba ita kaɗai ba ce.

Tsuntsayen jan baki, waɗanda ke tafiya dubbai a garke guda, suna kwana suna kuma yin sheƙa a cikin kacala, inda mutum ba ya iya shiga. Daga nan suke fita da sassafe su faɗa wa shinkafa, alkama, gero da dawa. Manomi kan kwashe yaransa daga makaranta su wuni suna kora, gwamnati kuma ta yi hayar jirgin sama ta yi feshi, feshin da ke sauka a kan ruwan da mutane da kifi ke amfani da shi.

Masunci ba ya iya jefa koma ko jan taru a cikin ciyawa, kwalekwalensa ma ba ya ratsawa. Hanyoyin ruwa da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni sun toshe, tafiyar da ake yi kai tsaye ta koma zagaye.

Makiyayi ya rasa makiyaya ta rani da mashaya. Shanu ba sa son kacala idan ta ƙosa, kuma dodon koɗin da ke rayuwa a cikinta yana ɗauke da tsutsar da ke lalata hantar dabbobi. Da filin kiwo ya ƙuntata, sai garke ya doshi sauran busasshiyar ƙasar da ta rage, wadda ita ce manomi ma ya koma nomawa. Rikicin manoma da makiyaya da aka sha yi a Guri da Kirikasamma yana da dalilai da yawa, amma ƙarancin fili yana cikin manyansu, kuma kacala tana cikin abin da ya cinye filin.

Ga lafiyar mutane kuma, ruwan da ya kwanta a cikin ciyawa matattarar sauro ce, sannan wani nau'in dodon koɗin yana yaɗa tsargiya, cutar fitsarin jini da ke addabar yara masu wanka da kamun kifi.

Sai ambaliya. A 2020 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a masarautar Haɗeja, a 2022 kuma hukumomin Jigawa suka ba da rahoton mutuwar fiye da mutum 100. Mamakon ruwan sama ne tushen waɗannan masifu, amma kogin da aka ƙuntata wa hanya ba ya iya ɗaukar abin da ya saba ɗauka.

Tun a shekarun 1990 masana tattalin arziki suka yi gargaɗi. A wani nazari da Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa a 1998, sun kwatanta ribar manyan ayyukan noman rani na sama da asarar noma, su da itacen wuta a dausayin ƙasa, suka kuma gano cewa ribar ba ta kai ta cike gurbin asarar ba. Dalilin da ya sa ba a cika jin wannan lissafi ba shi ne, buhun shinkafar Kura ana ƙirga shi, amma kifin da ba a kama ba a Marma babu mai rubuta shi.

Yadda ake zana taswirar ciyawa

Alƙaluman da ake ambatawa game da faɗin da kacala ta rufe sun sha bamban, domin kowane mai bincike da yankin da ya auna, da shekarar, da hanyar da ya bi. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Idan babu ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi, ɗan kwangila zai iya cewa ya share kilomita kaza, babu mai iya gaskata shi ko ƙaryata shi.

Kayan aikin kuwa suna nan, kuma kyauta ne. Taurarin ɗan'adam na Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, wato tun kafin a rufe Tiga, kuma tun 2008 aka buɗe taskar hotunan ga kowa. Da su ana iya bin tarihin dausayin shekara bayan shekara. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna iya bambance fili mai faɗin mita 10, kuma suna komawa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5. 'Yan'uwansu Sentinel-1 suna amfani da na'urar da ke ratsa gajimare, don haka ko a tsakiyar Agusta ana iya ganin inda ruwa ya kwanta.

Dabarar gane kacala daga sama tana cikin kalanda. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ƙasar Jigawa ta bushe, abu kaɗan ne ke zama kore: gonakin rani, itatuwa da kacala. Gonar rani tana da kusurwoyi, tana yin kore na wata uku ko huɗu sannan a girbe ta. Kacala ba ta da tsari, tana bin layin ruwa, kuma ba a girbe ta. Idan aka jera hotunan shekara guda, kowanne zai nuna kansa.

Amma tauraro ba ya wadatarwa shi kaɗai. Sai mutum ya shiga kwalekwale da wayar da ke nuna wuri, ya tsaya a wurare da dama ya tabbatar cewa abin da kwamfuta ta kira kacala ba wata ciyawar ba ce. Haka nan tauraro ba ya sanin cewa wancan koren fili a da gonar wani ce, ko burtali ne, ko hanyar kasuwa. Wannan sani yana wurin dattawan gari, sarakunan ruwa, ardo-ardo da mata masu sarrafa kifi. Taswira mai amfani ita ce wadda ta haɗa hoton sama da shaidar ƙasa.

Masu iya aikin ma ba sai an nemo su daga waje ba. Akwai hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da cibiyarta ta nazarin hotunan tauraro a Jos. Akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da jami'o'in tarayya na Dutse da Gashuwa waɗanda dausayin ke bakin ƙofarsu. Ɗalibin da ke da kwamfuta da intanet zai iya fara wannan aiki daga ɗakinsa.

Ina ruwan ɗan birni?

Mai karatu a Madabo ko wata unguwa ta cikin ganuwa zai iya cewa nasa kukan ya ishe shi: famfo kan yi kwanaki ba ya kawo ruwa, jarkar 'yan garuwa kullum ƙara kuɗi take. Gaskiya ne. Amma wannan shi ne abin takaicin. Ana sakin ruwa daga madatsu da sunan birni, wani kaso mai yawa ya wuce matatun ya tafi ya shayar da kacala a Jigawa, mutumin birni kuma bai samu a famfonsa ba. Gyaran wuraren ɗiban ruwa da bututu a Kano, ta yadda za a riƙa sakin daidai abin da ake buƙata, aiki ne da zai amfani Madabo da Guri a lokaci guda.

Sannan akwai kasuwa. Shinkafa, alkama, barkono da bandar kifin da ke shigowa Dawanau, 'Yankaba da Kurmi, wani ɓangare nasu daga wannan kwari yake fitowa. Duk hektar da ciyawa ta ci, a farashi ake biyanta. Matashin da gonar gidansu ta nutse kuma, sau da yawa Kano yake nufa neman abin yi.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda ba baƙo ba ne a unguwar da ta shahara da karatun fiƙihun Malikiyya tun ƙarnoni. Littattafan da ake karantarwa a zaurukan Madabo sun yi bayanin rabon ruwan kwari: na sama ya shayar da gonarsa gwargwadon iyaka sananniya, sannan ya saki ga na ƙasa. Ƙa'idar ita ce zama a sama ba ya ba mutum ikon cutar da wanda ke ƙasa, ko ta hanyar hana shi ruwa, ko ta hanyar sakar masa shi a lokacin da zai zame masa masifa. Kano ce a sama a wannan kogi.

Abin da aka gwada

An daɗe ana ƙoƙari. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru tare da ƙungiyoyin kare muhalli na ciki da waje. A farkon shekarun 2000 wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya taimaka wa al'ummomi suka riƙa yin aikin gayya suna buɗe hanyoyin ruwa da lauje da adda. A 2006 jihohi shida da ke cikin kwarin, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun kula da kogunan mai ofis a Damaturu. An kuma daɗe ana shawarar gina abin raba ruwa a Likori, domin kada Marma ya riƙa kwashe kason sauran rassa.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan noman rani, ciki har da na Kano da na Kwarin Haɗeja. A ƙarƙashinsa aka yi binciken mai da kacala iskar gas ta girki da abincin dabbobi, tare da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da jami'o'in Amurka da Sifaniya. A 'yan shekarun nan kuma gwamnatin Jigawa ta sayi injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa don yashe kogin.

Duk waɗannan suna da amfani, musamman wajen rage ambaliya a garuruwa. Rauninsu ɗaya ne: suna cire ciyawar, ba sa taɓa yanayin da ya haife ta. Muddin ruwa marar zurfi yana kwance rani da damina, iri yana zuwa da iska, kacala za ta dawo.

Ba mu kaɗai ba ne. A Kogin Senegal, bayan kammala madatsun Diama a 1986 da Manantali a 1988, irin wannan ciyawa ta mamaye bakin kogin a Senegal da Muritaniya. A can sun koma yin gawayi da kayan gini da ita, abin da ya samar da sana'a ya kuma rage sare itatuwa, amma bai kawar da ita ba. A dausayin Everglades na Jihar Florida a Amurka, takin da ke tsiyayowa daga gonakin rake ne ya ba ta ƙarfi, kuma hukumomi sun kashe maƙudan kuɗi wajen tace ruwan kafin ya isa dausayin. Darasin wuraren biyu ɗaya ne: maganin yana wurin ruwan.

Abin da ya rage a yi

Masana ruwa sun daɗe da ba da shawarar a riƙa tafiyar da Tiga da Challawa ta yadda kogin zai ɗan koma halinsa na asali: a saki ruwa mai ƙarfi a lokacin da aka tsara cikin damina, bayan an gargaɗi jama'a an kuma buɗe hanyoyi, sannan a rage saki da rani har wasu rassan su bushe. Wannan ba abu ne mai sauƙi ba. Manomin rani a Kura yana son ruwa a watan Maris, matatar Tamburawa tana so kullum, tashar lantarkin da Jihar Kano ta gina a Tiga ita ma sai da gudun ruwa take aiki. Kowane zaɓi akwai wanda zai ji a jikinsa. Shi ya sa batun na siyasa ne, kuma ya kamata a yi shi a bainar jama'a.

Tsarin mulkin Najeriya ya ɗora ikon ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a wuyan Gwamnatin Tarayya, don haka 'yan Majalisar Tarayya na waɗannan jihohi ba su da uzurin yin shiru. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ta kuma wajabta amsa cikin kwana 7.

Ga abubuwan da ya dace matasa, 'yan jarida da ƙungiyoyi su nema a rubuce. Na ɗaya, adadin ruwan da ake saki daga Tiga da Challawa wata-wata, da ƙa'idar da ake bi wajen yanke shawarar. Na biyu, taswirar kacala ta kowace shekara, wadda aka auna a wata ɗaya da hanya ɗaya, aka kuma wallafa ta ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Na uku, ga kowace kwangilar yashe kogi, a bayyana daga ina zuwa ina, nawa aka biya, da hoton wurin kafin aiki, bayan aiki, da bayan shekara biyu. Na huɗu, a bayyana wa za a mayar wa filin da aka ƙwato daga ciyawa, domin gonar da ta yi shekara ashirin a ƙarƙashin ruwa tana da magada, burtalin da ya nutse ma yana da masu shi, kuma idan ba a tsara rabon tun da wuri ba, nasarar kanta za ta haifar da sabon rikici.

Lokacin wannan aiki shi ne rani, tsakanin Fabrairu da Mayu, sa'adda sama take garau, ruwa ya ja baya, injina ke iya shiga, kasafin kuɗi kuma bai riga ya ƙare ba. Wanda ya jira sai Agusta, kayan agaji kawai zai tarar ana rabawa.